Gangar Suyar Gahawa: Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

Duk ɗalibin da ya taɓa kwana yana karatun jarrabawa ya san ɗan ƙullin Nescafe da ake saya a teburin mai shayi. Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, gahawar da ake yin wannan gari da irinta tana fitowa a ƙasarmu. A tsaunin Mambila da ke Jihar Taraba ana noman irin da ake kira Arabika, wanda yake son sanyi da tudu, a wasu jihohin kudu kuma ana noman Robusta. Akwai ma Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya da aka kafa a Ibadan a 1964, wadda binciken gahawa yana cikin aikinta. Ni a ra'ayina, abin da ya raba mu da wannan albarka bai wuce suya ba, suyar kuwa ba ta fi ƙarfin mai waldar unguwa ba.

Ɗanyar gahawa ƙwaya ce mai tauri, launinta kore-kore, ba ta da wani ƙamshi. Wuta ce take fito da ƙamshin da ɗanɗanon. Ɗanyar takan yi kusan shekara a ajiye idan wurin ba laima, amma da zarar an soya ta, cikin 'yan makonni ƙamshin zai fara gudu. Ke nan wanda yake soya kaɗan-kaɗan a gida shi ne yake shan ta a lokacin da ta fi daɗi. Mutanen Habasha, inda asalin Arabika yake, sun daɗe da gane haka. A gaban baƙo uwargida take soya ta a kasko, ta daka, ta dafa, kuma kusan rabin abin da ƙasar take nomawa a cikin gida ake shanye shi.

Kasko yana yi, sai dai yakan ƙona gefe guda ya bar ɗaya. Shi ya sa nake ganin a ƙera ganga. A sami tulluƙin gwangwani na ƙarfen da ba ya tsatsa, a huda masa ƙananan ramuka don hayaƙi ya fita, a yi masa 'yar ƙofa mai sakata. Mai walda ya zura rodi ta tsakiyarsa, ya lanƙwasa ƙarshensa ya zama mariƙi, a sa masa katako saboda zafi. A ciki a liƙa faffaɗan ƙarafa uku a tsaye, su ne za su riƙa kwasar ƙwayar suna watsa ta idan ana juyawa. Sai a ɗora rodin a kan ƙafafu biyu a saman kurfoti ko murhun gas. A guji kwanon rufi da gwangwanin fenti, domin abin da aka shafe su da shi yana fitar da guba idan ya ji wuta.

Kada a zuba fiye da kashi ɗaya cikin uku na cikin gangar, don ƙwayar tana kumbura. A riƙa juyawa ba tsayawa na minti 10 zuwa 15. Idan zafin ƙwayar ya kai wajen digiri 196 a ma'aunin Salshiyas, za a ji tana fashewa kamar gugguru. Daga nan ta fara shayuwa. Idan aka ci gaba zuwa wajen digiri 224 za a ji ƙara ta biyu, siririya, alamar ta yi baƙi kuma ɗaci ya ƙaru. Sai a juye a rariya nan take, a yi ta fifita, a bakace ɓawon da faifai. A tsakar gida ake wannan aiki, domin hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa. A bar ta ta kwana ɗaya ko biyu kafin a kai ta turmi.

Na san wani zai ce, mu ai mutanen shayi ne, wa zai sha? Amsata ita ce, kalmar gahawa da muka aro daga Larabci ta daɗe a bakinmu, kuma Hausawan Sudan sun saba da ita da citta a cikin ƙananan finjalai. Wani kuma zai ce suyar hannu ba za ta yi daidai da ta injin kamfani ba. Gaskiya ne, tukunyar farko da ta biyu za su iya ƙonewa. To amma mai suyar gyaɗa da yashi ba ta da ma'aunin zafi, da ido da hanci da kunne take aiki, kuma gyaɗarta ba ta kwantai. Hanzarin da na fi yarda da shi shi ne wahalar samun ɗanyar gahawa a kasuwanninmu. Sai dai ɗan kasuwa ba ya ɗauko kayan da ba a tambaya. Ranar da masu tambaya suka yi yawa, motar da take sauko da kaya daga Gembu za ta sauko da ita.

A nan ne maganar ta shafe mu, 'yan'uwana ɗalibai. Manomin da ya sayar da ɗanyar ƙwaya shi ne yake samun kaso mafi ƙanƙanta, ribar tana wajen mai suya da mai ƙullawa. Kilo ɗaya na ɗanya yakan koma wajen giram 800 zuwa 850 bayan suya, amma darajarsa ta ƙaru sosai. Muna da abokai a sashen injiniya da suke neman aikin kammala karatu, muna da masu walda a bakin kowace kasuwa. Shawarata ita ce mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi su ƙera ganga ɗaya, su fara da abin da za su sha, su gwada wa maƙwabta. Idan ta karɓu, an sami sana'a kafin a karɓi takardar digiri. Idan ba ta karɓu ba, gangar za ta soya gyaɗa.