Fankam-Fankam Ba Kilishi Ba Ne: Gyaran Waya A Manyan Kantunan Libreville

Akwai wata cuta da ta kama mu Hausawan Gabon, daga waɗanda kakanninsu suka yada zango a Oyem da Bitam da Minvoul tun zamanin fatauci, har zuwa irinmu da muka zo daga baya daga Maraɗi da Kano da Garwa. Duk inda muka ga gilashi da tayil da sanyin na'ura da samari sanye da riguna iri ɗaya, sai mu ɗauka nan gaskiya ta kwana. Wayar mutum ta samu matsala, sai ya tsallake yaron da ke zaune da ƙarfen walda a bakin kasuwar Mont-Bouët, ya hau tasi zuwa babban kantin zamani, yana cewa shi ba ya ba 'yan gefen titi kayansa. Ni kuwa na ce, a yadda abubuwa suke yau, abin da yawancin shagunan kayan lantarki na manyan kantuna ke kira sashen gyara ƙofa ce ta biyu ta sayar da sabon kaya. Mu ne kuma muke ɗaure musu gindi da wannan girmamawa da ba su yi aikin samunta ba.

Kada wani ya ce ai maganar waya ce kawai. Ga ɗan kasuwa a Libreville, waya ita ce shago, ita ce littafin bashi, ita ce banki. Da ita yake magana da mai turo masa kaya daga Duwala ko Lome ko Dubai. A cikinta Airtel Money ko Moov Money ɗinsa suke. A cikinta hoton katin zamansa yake, da muryar tsohuwarsa da ake aiko masa ta WhatsApp daga gida. A ƙasar da aka tsayar da mafi ƙarancin kuɗin shigar ma'aikaci a kan sefa 150,000 a wata tun 2010, waya mai ɗan dama-dama albashin wata guda ce, ko ma fiye. Wanda ya riƙe maka ita mako uku ya rufe maka shago mako uku.

Ga yadda ta kasance da ni. Wayar da na saya sefa 185,000 a wani shago cikin ɗaya daga manyan kantunan garin ta daina ɗaukar caji tana wata na takwas, alhali takardar garanti ta ce shekara. Ranar Asabar na je, kantin ya cika maƙil. Teburan sayarwa huɗu, kowanne da ma'aikaci yana murmushi. Teburin gyara ɗaya ne, can ƙurya kusa da ƙofar sito, mutum ɗaya a kai, mu kusan goma sha biyar a layi. Wannan tsari kaɗai ya isa ya gaya maka inda zuciyar mai shagon take. Bayan fiye da awa ɗaya na iso gaba. Saurayin bai buɗe wayar ba, bai sa mata mita ba. Ya juya ta, ya leƙa ramin caji, ya ce in bar ta, in biya 10,000 kuɗin dubawa, in dawo bayan mako biyu. Na dawo, aka ce mai duba kayan bai zo ba. Na sake dawowa, aka miƙo min ita da hukunci: ruwa ya shiga, garanti ya faɗi, gyara zai ci 95,000 kuma sai an jira kaya daga waje. Kafin in rufe baki wata ma'aikaciya ta matso tana nuna min sabon samfuri da aka yi wa ragi.

Wayar nan ba ta taɓa faɗawa ruwa ba. To ina ruwan ya fito? A nan ne wayon yake. A cikin wayoyi da yawa akwai wata 'yar takarda fara da ke rikiɗa ta koma ja idan ta ji danshi, kuma da ita ake kafa hujjar soke garanti. Mu kuwa muna zaune a bakin teku, dab da layin da ya raba duniya biyu, a garin da ruwan saman shekara ya doshi milimita 3,000, inda takalmin fata ke yin fumfuna a cikin ɗaki. Waya a aljihun mai gumi a watan Maris a Libreville tana shan danshi ko ba ta ga ɗigon ruwa ba. Kuma ba ni na fara wannan ƙorafi ba. A 2013 kamfanin Apple ya amince ya biya dala miliyan 53 a Amurka domin kashe ƙarar da masu waya suka shigar kan hana su garanti da hujjar wannan 'yar takarda. A can an biya mutane. A nan ana nuna mana jar takarda kamar sakamakon asibiti, mu sunkuyar da kai.

In ruwa bai kama ka ba, lantarki zai kama ka. Kowa ya san yadda wuta ke ɗaukewa ta dawo a garin nan, kuma dawowarta da ƙarfi takan ƙona caja ko ta taɓa injin waya da na talabijin. Duba ƙananan rubutun takardar garanti, sau da yawa za ka tarar an cire lalacewar da hawa da saukar wuta ta jawo. In wannan ma bai kama ka ba, za a ce wani ya taɓa buɗe ta. In duk ka tsallake, za ka iya jin cewa kayan na kasuwar wata ƙasa ne, garantinsa can yake aiki. Jama'a, garantin da ya cire danshi a ƙasar danshi, ya cire matsalar wuta a garin da wuta ke wasa, me ya rage a cikinsa? Laima ce da aka rubuta a jikinta cewa ba a shiga ruwa da ita.

Ban ga laifin saurayin da ke kan teburin ba. An ɗauke shi ne ya karɓi kaya, ya rubuta lamba, ya ba da haƙuri. Mafi yawan abin da aka koya masa shi ne ya goge waya ta koma yadda ta fito daga kamfani, abin da ke tafiya da hotuna da lambobi da lissafin bashin mutum, sau da yawa ba tare da an yi masa gargaɗi ba. Laifin na lissafin shagon ne. Haya a babban kanti tana da tsada, kowane taku na fili sai ya kawo kuɗi. Sabuwar waya riba ce nan take, gyara kuwa yana buƙatar ƙwararre da kayan aiki da ajiyar kayan canji da lokaci. Idan wanda zai gaya maka ko kayanka na gyaruwa shi ne zai ci riba in ba ya gyaruwa, ai an ba kura ajiyar nama.

Sama da mai shago akwai masu ƙera kayan. Da can kowa na iya zare batirin Nokia da farce ya sa wani. Yanzu an manne batir da gam, an liƙe gilashi da jiki, wasu kamfanoni har sun sa waya ta riƙa gane kayan canjin da ba nasu ba ta yi gardama. Batir kuwa abu ne mai tsufa, bayan caji ɗaruruwa ƙarfinsa ya ragu, ko da sauran wayar lafiya lau. A watan Fabrairun 2020 hukumomin Faransa suka ci Apple tarar yuro miliyan 25 saboda ya rage saurin tsofaffin iPhone ba tare da ya sanar da masu su ba. Mutane nawa ne suka sayi sabuwa alhali batir kawai suke buƙata?

Wayata dai a ƙarshe wani yaro ne ɗan wajen Damagaram ya karɓe ta a wani lungu tsakanin Mont-Bouët da Petit Paris. Teburinsa bai kai tabarmar sallah faɗi ba. Ya buɗe ta a gabana, ya sa mita, ya ce, “Kawu, ramin cajin ne ya yi tsatsa, injin lafiya yake.” Ya ciro wani daga matacciyar waya irinta, ya hura zafi, ya ɗora, ya ce in kawo 7,000. Ban gama shan shayin da na saya a maƙwabcinsa ba wayar ta kama caji. Irin waɗannan yara su ne ke riƙe da wayoyin nahiyar nan, daga Farm Centre a Kano zuwa Computer Village a Ikeja. Sun koya a gaban ubangida, sun ƙara da bidiyon YouTube, ba wanda ya ba su littafin kamfani ko kayan asali. Amma su muke kira 'yan gefen titi, mu yi musu tayin wulaƙanci, mu je mu biya kuɗin dubawa a inda ba a duba komai ba.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A cikin masu gyaran kasuwa akwai wanda zai zare maka batir mai kyau ya sa gajiyayye. Akwai mai sa gilashin jabu ya karɓi kuɗin na asali. Akwai mai karɓar wayar sata ya warware mata kulli. Akwai wanda ya fi kowa muni, mai shiga hotunan matar mutane don an ba shi lambar buɗewa, kuma wannan cin amana ne da ya kamata 'yan uwansa su fara korar sa kafin hukuma ta zo. Ba rasit, ba adireshi, gobe ka dawo ka tarar da mai sayar da takalma a wurin. Duk na yarda. Sai dai ku lura da bambancin. Yaron kasuwa bai karɓi kuɗina da alkawarin shekara guda ba. Babban shago ya karɓa, domin abin da ya sa wayarsa ta fi ta kasuwa tsada shi ne wannan takarda da wannan suna. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Macucin kasuwa ana gudunsa da zarar an gane shi, amma mai hatimi da rasit yana cin amincin da muka ba shi kyauta, kuma gobe ma za mu koma.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, kamfanonin nan sun iya gyara hali idan doka ta tsaya musu. Faransa, wadda sefar da ke aljihunmu ke ɗaure da kuɗinta a kan 655.957 kowane yuro, ta mai da gajarta rayuwar kaya da gangan laifi tun 2015. A Janairun 2021 kuma ta wajabta a liƙa wa waya da kwamfutar tafi-da-gidanka maki daga cikin 10 da ke nuna sauƙin gyaransu. Tarayyar Turai ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024, kuma daga watan Yunin 2025 ta wajabta wa masu ƙera waya su ajiye muhimman kayan canji har shekara 7 bayan sun daina sayar da samfurin. Waya ɗaya, kamfani ɗaya: a Paris ana lallashin mai ita, a Libreville ana nuna masa ƙofa. Ko a nahiyarmu, kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai Tecno da Infinix da itel, ya kafa reshen gyara mai suna Carlcare a ƙasashe da dama. Ashe abin mai yiwuwa ne ga wanda ya ɗauke mu kasuwa ta dindindin.

Sannan ina matattun wayoyin ke zuwa? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta zubar da sharar kayan lantarki tan miliyan 62, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Namu suna ƙarewa a juji da kwata, damina ta wanke dafinsu zuwa teku inda ake kamo kifin da muke ci. Ƙasar da ke haƙo manganis a Moanda, ta ɗora shi a jirgin ƙasa zuwa tashar Owendo, ita ce ke sayo kayan da aka gama ƙerawa da tsada, ta zubar da su saboda ramin caji na 7,000.

Don haka ga abin da nake nema. Hukumar da ke kula da gasa da haƙƙin masu saye ta wajabta wa duk shagon da ke ba da garanti ya rubuta baro-baro abin da ya ƙunsa da kwanakin da gyara zai ɗauka, in wa'adi ya wuce a canza kaya ko a mayar da kuɗi. Wanda zai ce ruwa ya shiga, ya buɗe a gaban mai kaya ya nuna tsatsar, jar takarda kaɗai ba hujja ba ce. A haramta karɓar kuɗin dubawa a kan kayan da ke cikin garanti. Shugabannin al'ummarmu kuma, da suke iya tara mu don biki da zaman makoki, su tara yaranmu masu gyara su yi ƙungiya mai rajista da rasit da hukunci ga maciyin amana, a nema musu horo da hanyar sayo kayan asali a dunƙule.

Kai kuma mai saye, kafin ka ƙirga kuɗi ka tambaya: a ina ake gyarawa, wa ke gyarawa, kwana nawa? In aka yi ta kame-kame, ka riga ka ji amsa. Adana rasit da kwali. Kwafe lambobinka da hotunanka kafin ka miƙa waya ga kowa, cire layi da katin ajiya, kada ka ba da lambar buɗewa sai kana tsaye. Kuma idan yaron nan na bakin kasuwa ya yi maka aiki mai kyau, ka biya shi haƙƙinsa ba tare da ja-in-ja ba, ka gaya wa wani. Sanyin kanti bai taɓa tayar da matacciyar waya ba. Allah ya sa mu gane masu amfanar mu, ya kuma ba masu sana'ar hannu albarkar guminsu.