Injin yankan yadi mai araha: kuɗin da ke jikin kwali ba shi ne kuɗinsa ba

Duk mai yawan leƙa TikTok ko YouTube ya ci karo da bidiyon nan: mace ta shimfiɗa yadi a kan wani faifai, ta latsa waya, inji ya ja faifan ciki, bayan ɗan lokaci ta ɓare ƙyallaye masu kusurwa uku ko huɗu, duk kansu ɗaya kamar an buga su da hatimi. Yawancin masu wannan bidiyo Amurkawa ne masu ɗinkin kwilt, wato bargon da ake haɗawa da ƙananan ƙyallaye a sama, a sa auduga a tsakiya, a rufe bayansa da yadi, sannan a bi da ɗinki a haɗe ukun. A can sana'a ce babba mai shagunanta da gasarta, kamfanonin na'ura kuwa sun daɗe da gano cewa akwai kuɗi a wurin. A nan ma matasan da ke ɗinka zanen gado da rigar filo da jakunkuna daga ragowar atamfa sun fara tambaya: wanne ne mai sauƙin kuɗi a cikin injinan nan?

Ra'ayina shi ne tambayar ta zo a karkace. Ni rubuta manhaja ne aikina, kuma a harkarmu mun saba da kayan da ake sayar maka da arha a ƙofar shiga, sai ka zauna a ciki sannan a fara karɓar haya. Injinan yankan yadi kusan dukkansu haka suke. Abin da ya kamata mai ƙaramin jari ya tambaya shi ne: bayan na biya kuɗin injin, me zan ci gaba da biya, kuma wa zan riƙa neman izininsa kafin in yanka yadina?

Bari mu fara da dalilin da ya sa ake son injin tun asali, don dalili ne na gaskiya. A ɗinkin kwilt ana barin kwatan inci a kowane gefe don ɗinki. Ƙyalle mai inci biyu da rabi a kowane gefe zai koma inci 2 bayan an haɗa shi. Bargon babban gado mai inci 90 tsawo da faɗi zai ci irin waɗannan guda 45 a kowane layi, layi 45, wato ƙyalle 2,025. In hannunka yana kuskure da kashi ɗaya cikin 16 na inci a kowane ƙyalle, kuma kuskuren duk gefe ɗaya yake tafiya, kafin ka kai ƙarshen layi ka yi asarar kusan inci 3. Kusurwoyi ba za su haɗu ba, bargon zai yi tumbi a tsakiya. Almakashi da alli ba sa yafe wannan. To buƙatar yanka daidai ba ƙirƙirar 'yan talla ba ce.

Injinan gida iri biyu ne manya. Na farko shi ne mai faranti, irin GO! na kamfanin AccuQuilt da ke Omaha a jihar Nebraska, ko Big Shot na Sizzix. In ka san injin taliya na gida, ka gama sanin yadda yake aiki: akwai abin naɗi biyu da hannun juyawa. Bambancin kawai, maimakon kwaɓin fulawa, faranti ake turawa, mai wuƙar ƙarfe da aka lanƙwasa da siffar da kake so aka binne ta cikin soso. Ka ɗora yadi a kai, ka rufe da ledar roba mai kauri, ka juya hannu, matsi ya yanke yadin. AccuQuilt na cewa GO! na yanka har ninki shida na yadin auduga a tashi ɗaya, kuma farantansu sun riga sun haɗa da kwatan incin ɗinki. Ba ya neman wuta, ba ya neman data, ba ya tambayarka imel. A wajen wanda wuta ke zuwa masa sa'ad da ta ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai kowane faranti siffa ɗaya ce da girma ɗaya, ko 'yan siffofi kaɗan. Kana son murabba'in inci biyu da rabi, faranti ɗaya. Gobe kwastoma ta ce manya take so, wani farantin. Mai kusurwa uku, wani. Kuma kowanne da dala ake sayensa, ga nauyi, wanda ke nufin kuɗin kawo shi ma ba wasa ba ne. Mutum zai iya wayar gari ya ga kuɗin da ya kashe a faranti ya ninka na injin. Ledar robar da ake rufe yadin da ita ma tana cinyewa, dole a riƙa sauyawa.

Na biyu shi ne wanda ya fi ɗaukar hankalin masu waya, mai aiki da manhaja: Cricut Maker, Silhouette Cameo, da Brother ScanNCut. Wannan ba ya buƙatar faranti. Kamar firinta yake, sai dai wuƙa yake riƙe da ita a madadin tawada. Ka ba shi zane, ya bi layin. Cricut Maker da ya fito a 2017 a kan kusan dala 400 ya yi suna ne saboda ƙaramar wuƙa mai taya da ke mirginawa a kan yadi ba ta ja shi ba, don haka ba sai an manna wa yadin wani abu a baya don ya yi tauri ba. Ƙannensa masu arha, irin su Explore, ba su da wannan wuƙar. Wanda ya sayi Explore don ya ga ya fi sauƙi zai tarar sai ya riƙa sayen abin mannawa ga kowane yadi.

Abin da bidiyon minti ɗaya ba ya nuna maka shi ne galibi ninki ɗaya irin wannan inji ke yankawa, a kan faifai mai danƙo. Faifan da aka fi amfani da shi inci 12 ne a kowane gefe, kuma ba duka inji ke iya taɓawa ba. Murabba'in inci biyu da rabi guda 16 ne za su shiga. Raba 2,025 da 16: sau 127 za ka manna yadi, ka lallatsa shi, ka jira inji, ka ɓare. Ko da dogon faifai mai inci 24 ne, sau 57. Danƙon faifan kuwa zaren yadi ke cinye shi, ballantana a ce lokacin hunturu ne, ƙura ta samu wurin zama. Faifan da ya daina kamawa yadi zai zame a kansa, yanka ya lalace.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi damuna a matsayina na mai harkar manhaja. Injin Cricut ba ya motsi sai ta manhajar kamfanin, Design Space, kuma sai ka buɗe asusu. Ana iya ajiye wasu ayyuka a yi su ba intanet, amma ɗora sabon zanenka sai ya bi ta rumbun kamfanin. A watan Maris na 2021 Cricut ya sanar cewa duk wanda ba ya biyan kuɗin wata-wata na Cricut Access, wanda ke kusan dala 10, zane 20 kawai zai iya ɗorawa a wata. Zanenka ne, injinka ne da ka saya da kuɗinka, amma sai an ƙirga maka. Masu injin suka yi ca a kan kamfanin, cikin 'yan kwanaki shugabansa Ashish Arora ya janye maganar gaba ɗaya. Masu kare Cricut na cewa ai an janye, magana ta wuce. Ni abin da na gani daban ne: an nuna wa kowa cewa makullin yana hannun kamfani. Waɗanda suka tilasta masa janyewa dubban kwastomomi ne a babbar kasuwarsa. Ranar da wata doka ta kamfanin ta shafi mai shago ɗaya a Zariya ko Maraɗi kaɗai, ba wanda zai ji kukansa a Utah. Kuma duk wanda ya taɓa fama da biyan kuɗin dala duk wata da katin banki na nan ya san ba alƙawarin da za a ɗora sana'a a kai ba ne.

Shi ya sa in dole sai mai manhaja, na fi karkata ga Brother ScanNCut. Yana da allonsa na taɓawa da na'urar sikanin a jikinsa. Kana iya zana siffa a takarda da biro, ya karanta, ya ƙara mata kwatan incin ɗinki, ya yanka, ba kwamfuta ba waya. Yana kuma karɓar zane daga filas. Silhouette ma manhajarsa ta kwamfuta na aiki ba intanet, sai dai sigar kyauta ba ta buɗe fayil ɗin SVG, sai ka sayi ta gaba da ita, ko ka juya zanen zuwa DXF. Wannan batu na SVG ka riƙe shi da kyau. Tsarin fayil ne da ba mallakin kowa ba, kuma manhajar Inkscape da ake zana shi da ita kyauta ce. In zanenka na ajiye a SVG a cikin na'urarka, ko ka sauya inji gobe, aikinka na shekara da shekaru zai bi ka. In kuwa a asusun kamfani kawai yake zaune, aro aka ba ka.

To mai ƙaramin jari fa, me zai saya? Amsata ba za ta yi wa masu son na'ura daɗi ba, duk da a shafin na'urori muke: wuƙa mai taya ta hannu, faifan yanka mai shanye sawun wuƙa, da rula mai kauri ta roba mai haske, irin mai inci 6 da 24. Kamfanin Olfa na Japan ne ya fito da wuƙar a 1979, kuma ita ce ta sauya ɗinkin kwilt. Mai girman milimita 45 ita ce ta yau da kullum. Ka ninka yadi huɗu, ka danne da rula, ka tura wuƙa sau ɗaya, ka samu dogon zirin inci biyu da rabi. Yadi mai faɗin inci 40 da ɗoriya, kowane ziri zai ba ka murabba'i 16, daidai da abin da injin dala 400 zai ba ka a faifai guda. Ka jera ziri huɗu a kan juna ka datsa, 64 ke nan. A yankan da yake miƙaƙƙe, kuma mafi yawan kwilt miƙaƙƙen yanka ne, hannun da ya saba zai riga injin manhaja gamawa. Abin da za ka riƙa sauyawa reza ce kawai. Ka dai riƙa rufe ta duk lokacin da ka ajiye, kuma ka tura ta gaba, kada ka jawo ta wajenka, don kaifinta ba ya tambaya.

Matan Gee's Bend, wani ƙauyen baƙaƙen fata a Alabama, da tsofaffin tufafin aikin gona da ragowar yadi suka yi bargunan da aka baje kolinsu a gidan adana kayan fasaha na Houston a 2002, daga nan aka kai su Whitney a New York. Layukansu ma ba su miƙe ba, kuma abin da ya ja hankalin duniya ke nan.

Ba ina cewa inji ba shi da amfani ba ne. Mai ciwon wuyan hannu ko kafaɗa, ko dattijuwar da ba za ta iya danne rula na awa biyu ba, mai faranti zai tsawaita mata shekarun sana'a. Wanda ya riga ya samu kasuwa, yana fitar da zane iri ɗaya sau goma a wata, shi ma faranti biyu ko uku za su mayar da kuɗinsu, tunda ya san girman da yake buƙata kafin ya saya. Mai aikin fure da harufa da siffofi masu lanƙwasa da ake ɗorawa a kan yadi, wanda kuma zai yanka sitika da rubutun riga da injin, shi ne mai hujjar sayen na manhaja, don yankan yadi kaɗai da wuya ya biya shi. Injin lantarki mai zagayayyiyar wuƙa da manyan teloli ke yanka tarin yadi da shi kuwa na kayan sawa ne, ya yi wa ƙyallen inci biyu girma.

In ka yanke shawarar saye, musamman na hannu, kada ka biya sai an jona shi a gabanka an yanka irin yadin da za ka yi aiki da shi. Duba jikin adaftar ko an rubuta 100 zuwa 240, don wutar Amurka 120 ce, tamu ta ninka ta. In Cricut ne, ka haɗa shi da asusunka kai kanka a wurin, domin kamfanin na iya kashe inji daga can ta lambar jikinsa, misali wanda aka ba mai shi sabo a madadinsa, kuma irin waɗannan na shigowa kasuwar kayan hannu. Sannan ka tambayi mai sayarwa inda za ka samu faifai da reza nan da wata shida, da nawa ake sayar da su yau. Ka haɗa wannan kuɗin na shekara guda da na kawowa da na kwastam a kan kuɗin injin, sannan ka kwatanta jimillar da ribar bargo nawa za ta biya shi.