Zubar jini a ciki: kada a dogara da shayin Sin

A makon jiya wata baiwar Allah ta shigo kantin maganinmu a nan Keffi da kwalin shayin ƙasar Sin. Ta ce kwana uku ke nan bahayar maigidanta baƙa ƙirin kamar kwalta, kuma mai tallan ya ce shayin na tsayar da jinin ciki. Da na duba bayan kwalin sai na ga an rubuta Paeonia, wato saiwar furen fiyoni.

Gaskiya ne mutanen Sin sun daɗe da sanin wannan saiwa, tana ma cikin babban littafin tsirrai na Li Shizhen da aka buga a 1596. Iri biyu ce: fara, Bai Shao, da ja, Chi Shao. Masu maganinsu na ba da jar ne musamman don warware jinin da ya taru ya daskare. To a nan gizo ke saƙa. Abin da ke hana jini daskarewa yana iya ƙara wa mai zubar jini zuba, balle idan yana shan asfirin ko warfarin.

Baƙar bahaya mai wari, ko aman jini, ko amai mai kama da garin kofi, alamu ne na jini daga tumbi ko hanji. Sau da yawa gyambon ciki ne, kuma yawan shan diclofenac da ibuprofen na jawo shi. Ƙwayar ƙarin jini ma na baƙanta bahaya, amma idan akwai jiri, ko bugun zuciya da sauri, ko tafin hannu ya yi fari, kada a jira gari ya waye. Haka macen da ta yi ɓatan wata sannan ciwon mara mai tsanani ya taso mata: ciki ne mai yiwuwa ya zauna a wajen mahaifa.

Ko kun ga lambar NAFDAC a kwali, ku karanta ƙasa: yawanci an rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Na ce wa matar nan ta ajiye shayin, su nufi Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Keffi a daren nan, ta kuma tafi da kwalin likita ya gani. Ku ma duk abin da kuke sha, na gargajiya ko na bature, ku riƙa faɗa mana.

Sai mako mai zuwa, Allah Ya ƙara mana lafiya.