Kayan Aro Ba Ya Rufe Katara

Akwai wata mummunar ɗabi'a da ta kama mu, mu 'yan bokon ƙasar nan, wadda ya kamata a fito fili a yi mata tsiya. Da zarar wata ƙungiyar agaji ta ƙetaro teku ta zo ta share wa talakawanmu hawaye, sai ka ga mun rabu gida biyu. Wasu su hau tafi da shi albarka, wasu kuwa su koma gindin bishiya suna raɗa, wai Bature ba ya aikin banza, leƙen asirin arzikinmu ya zo yi. Da masu tafin da masu raɗar duk jirgi ɗaya ya kwaso su, don babu wanda ya tsaya ya tambayi abin da ya fi kamata a tambaya: ina masu gida suka shiga har baƙo ya zama shi ke kashe gobara? To, 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu, bari mu ɗauki abin da ya auku a ƙasar Anka da Bukkuyum mu auna wannan magana.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda aka kafa a Faransa a 1971, suna zagayen ƙauyuka saboda sanƙarau, sai suka tarar da abin da ya fi sanƙarau muni. Yara ƙanana suna amai, suna shiɗewa, suna mutuwa, maƙabartu sun cika da sababbin ƙananan kaburbura. Maganin zazzaɓin cizon sauro bai yi ba, na sanƙarau bai yi ba. Da aka aika da jinin yaran Turai aka auna, sai ga dalma. Binciken da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi a ƙauyuka biyu ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a shekara guda, watau ɗaya cikin kowane huɗu. Jimlar waɗanda suka rasu a yankin ba ta kasa 400 ba. Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega a ƙasar Anka, 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum: waɗannan sunaye ya kamata kowane ɗalibi ya haddace su kamar yadda ya haddace Hausa Bakwai.

Yaya dalma ta shiga cikin gidajen mutane? Amsar ita ce talauci ya buɗe mata ƙofa. A waɗannan shekaru farashin zinariya ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin duniya, manomin da gero da dawarsa ba sa kai shi baɗi ya ga dutsen da ke bayan gari ya fi gona biya. Aka riƙa haƙo dutsen ana kawo shi gida, mata na dakawa a turmi, maza na niƙawa da irin injin da ake niƙa hatsi. Ashe dutsen cike yake da dalma. Ƙura ta bi tsakar gida, ta bi ɗaki, ta bi kwanon abinci. Yaro mai rarrafe kuwa ba ya da aiki sai taɓa ƙasa da sa hannu a baka. Wanda ya rayu ma, dalma kan bar masa tabo a ƙwaƙwalwa har iyakar ransa. Wanda duk ya ce jahilci ne ya kashe yaran nan, to, ya faɗa mana wane jami'in gwamnati ne ya taɓa zuwa Dareta ya yi musu gargaɗi suka ƙi ji.

Yabon gwani ya zama dole. MSF ta buɗe wuraren magani a Anka da Bukkuyum, ta shiga ba yara maganin da ke tsamo dalma daga jini. Wani kamfanin gyaran muhalli na Amurka, TerraGraphics, tare da cibiyar Blacksmith da ma'aikatan jiha, suka bi gida gida suna kankare ƙasar da ta gurɓata suna zuba sabuwa. Daga 2010 zuwa 2011 aka tsabtace ƙauyuka bakwai, mutuwar yara ta ragu ƙwarai. Masu raɗar leƙen asiri su gaya mana buhu nawa na zinariya suka ga likita ya ɗauka.

Amma fa ku dubi Bagega, nan ne asirinmu ya tonu. Ita ce ta fi sauran girma, ita aka bari a baya don babu kuɗi. Ba a kuwa iya ba yaro magani a mai da shi gidan da guba take, don aikin baban giwa ne. Saboda haka likitoci suna nan, magani yana nan, yara wajen 1,500 suna jira, abin da ya rage kurum gwamnati ta saki kuɗin kankare ƙasa. A watan Mayu na 2012 aka yi babban taro a Abuja kan wannan masifa, ministocin lafiya da na ma'adinai da na muhalli ba wanda ya halarta. Aka yi alkawarin naira miliyan 850, aka yi shiru. Sai da ƙungiyar Human Rights Watch da wasu samarin Nijeriya, irin su Hamzat Lawal, suka tayar da ƙura a duniya, kana Shugaba Goodluck Jonathan ya ba da umurnin a saki kuɗi a watan Janairu na 2013. Kusan shekara uku ke nan da gano cutar! Ashe ran ɗan talaka sai an yi kururuwa da Turanci kafin a ji shi?

Ga inda nake jayayya da masu tafi. Sun ɗauka tun da baƙi sun zo, an gama. Alhali kuwa ƙungiyar agaji tana iya wanke jinin yaro, amma ba ta iya wanke dalilin da ya sa ubansa ya shigo da dutse gida. Ba ita ke gina hanya ba, ba ita ke sa farashin taki ba, ba ita ke tsaron daji ba, ba ita muka zaɓa ba, ba ma kuwa iya tuhumarta ranar da ta naɗe tabarmarta. A 2022 MSF ta miƙa aikin dalma ga hukumomin jiha, kamar yadda kowane baƙo yakan yi sallama. Shin talaucin ya yi sallama? Ƙididdigar hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta 2019 ta sa kusan kashi 74 cikin ɗari na mutanen Zamfara a ƙarƙashin ma'aunin talauci. A 2024 ambaliya ta ci gidaje a Gummi, a shekarar kuma ƙungiyar nan dai ita ce ke kwantar da yara masu tamowa a garin. Jiya dalma, yau yunwa, mai magani ɗaya. Idan har baƙo ya shekara goma sha wani abu yana yi maka aikin da ke wuyanka, to, agajin ya zama matashin da hukuma ke ɗora kai ta yi barci.

Kada kuma a ce ba a san darasin ba. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a Shikira cikin Jihar Neja, yara 28 suka rasu, aka sake jiran kuɗi, aka sake jiran baƙi. Da gwamnatin tarayya ta tashi motsi a Zamfara, sai ta haramta haƙar ma'adinai a watan Afrilu na 2019 saboda 'yan bindiga, ba ta ɗage haramcin ba sai Disamba na 2024. Haramci ba ya cika tukunya. Abin da yake yi shi ne ya kori mai haƙa zuwa inda idon malamin lafiya ba ya kaiwa, ya bar shi hannun mai bindiga.

Hanyar gyara kuwa ba ɓoyayya ba ce. An jarraba ta, MSF da wata ƙungiya mai suna OK International suka koya wa masu haƙa niƙa dutse da ruwa don kada ƙura ta tashi, da yin aikin nesa da gari, da wanka da sake tufafi kafin a koma cikin iyali. Ƙurar dalma ta ragu ainun. Dokar ma'adinai ta 2007 ma ta tanadi a haɗa ƙananan masu haƙa cikin ƙungiyoyin gama kai, a ba su horo. To, me ya hana? Famfo da ruwa da malamin lura ba su fi ƙarfin jihar da ke da zinariya a ƙarƙashinta ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Mu kuma ɗaliban Hausa, kada mu zaci wannan magana ta likitoci ce kaɗai. Rahotannin da aka rubuta kan Bagega sun cika kabad, yawancinsu da Turanci, mai turmi a 'Yargalma ba ta san da su ba. Wa zai juya su zuwa harshen da take ji? Wa zai tsara wasan kwaikwayo na rediyo, ya shirya waƙa, ya rubuta wa liman abin da zai faɗa ranar Jumma'a? Wa zai bi kasafin kuɗin jiha layi layi ya gaya wa talaka nawa aka ware wa asibitin Anka da na Gummi da na Bukkuyum, nawa kuma ya iso? Idan iliminmu ya tsaya ga rarrabe karin magana da habaici don cin jarrabawa, to, mun ci amanar waɗanda harajinsu ya gina ɗakunan da muke karatu a ciki.

Mu gode wa baƙo, mu raka shi da addu'a. Amma ranar da ɗan siyasa ya zo neman ƙuri'a, mu karanto masa sunayen ƙauyukan nan takwas, mu tambaye shi inda yake a 2010, da abin da ya tanada don kada a sake. Allah ya jiƙan yaran da suka riga mu, ya ba mu shugabanni masu jin kunya, amin.