FILIN MATA: Dogon Hutu da Ƙananan Yara a Tudun Wada

Ga dogon hutu ya gabato, na kuwa san a gidaje da yawa an fara shawarar ɗaure kaya a kai yara wajen kakanni. Wata 'yar'uwa ta aiko mini da takarda, wai maigidanta ya ce ta tafi da 'ya'yanta garinsu su yi hutun duka a can, ita kuwa sai murna take yi za ta je ta huta. To, 'yar'uwa, murna dai ki yi, amma maganar hutawa ki rataye ta a ɗakinki kafin ki fita. Bari in ba ki labarin tawa tafiyar, ki tsinci abin da za ki tsinta.

A daminar 2024 maigidanmu ya kai mu Tudun Wadar Ɗankadai, inda aka binne cibiyarsa, mu yi mako 6 wajen Inna, watau mahaifiyarsa, shi ya komo Kano bakin aikinsa. Yara 4 na tafi da su: babbar tana da shekara 9, mai bi mata namiji ne ɗan shekara 7, sa'an nan 'yar shekara 4, sai Auta da bai daɗe da cika 2 ba. Daga Kano har Kura ba abin da ake yi cikin mota sai ihu da nuna gonakin shinkafa. Kafin mu kai Kwanar Dangora, inda ake barin hanyar Zariya a kama ta Jos, 'yar shekara 4 ta amayar da duk abin da ta ci a kan zanena, kayan sakewa kuwa suna can ƙarƙashin buhuna a bayan mota. Kada ki cika wa yaro ciki da maiƙo ranar tafiya, ki kuma riƙe tsumma da riga ɗaya a jakar hannunki. Wannan ƙarami ne, mu wuce.

Kwana 3 na fari ba a magana. Aka yanka mana zakara, 'yan'uwa suka yi ta zuwa sannu da zuwa, Inna ta kama jikanta namiji tana cewa ga maigidanta ya zo hannu rabbana, ko kuɗin cefane bai kawo mata ba, ta dubi 'yan matan ta ce kishiyoyi sun zo ƙwace mata miji. Yaran birni ba su san wasan kaka da jika ba, ƙaramar har ta fashe da kuka, ta ce ita ba kishiyar kowa ba ce.

Amma Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, raɓa kuwa ba ta kai hantsi. Mai mako 6 ba baƙo ba ne, mazauni ne, ni kuwa ban gane haka da wuri ba. Ku duba lokacin da dogon hutu ya ke faɗowa: ƙarshen Yuli, da Agusta duka, da farkon Satumba. Tsakiyar marka ke nan, sa'ad da hatsin bara ya koma gindin rumbu, na bana kuwa yana gona bai nuna ba, ɗan kuɗin da ke hannun manomi kuma ya tafi wajen taki da 'yan ƙodago. Balle a 2024, shekarar da tsadar abinci ta kai inda kowace mai tukunya ta sani. A irin wannan lokaci ne na sauka gidan mutane da baki 5. Me na kai musu tsaraba? Turmin atamfa, da sabulun wanka, da burodi, da alewa. Duka abin kirki ne, amma ban da burodin da ya ƙare a daren farko, babu wanda ke shiga ciki ya zauna.

Faccalata, matar wan maigidanmu, wadda na ke kira Yaya, ita ke riƙe da tukunyar gidan. Wajen kwana 10 sai na ga fuskarta ta sake, gaisuwa ta gajarta. Na ce a raina, ga halin faccaloli ya motsa. Har na fara shirya maganar da zan kai wa maigida. Ran nan da magariba na zaga bayan madafa neman Auta, sai na tarar da ita tana kankare ƙanzon tukunya tana jiƙa wa 'yarta, alhali nawa 'ya'yan an cika musu akushi har sun bar saura. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ba ta ce mini kome ba, ba kuwa za ta taɓa cewa ba, gama wace ce za ta buɗe baki ta ce 'ya'yan ƙanen miji sun cinye mata abinci?

A daren na kira maigida a waya. Bayan kwana 2 ya aiko da masara, da wake, da man ja, da gishiri, da sukari. Ku lura da nan, don akwai hanyar bayarwa. Ban miƙa wa Yaya ba, kada ya zama kamar na ce na ga gazawarta. Gaban Inna na kai, na durƙusa na ce, "Inna, ga shi in ji ɗanki, wai a ƙara a na yara." Ta dube ni ta ce, "Allah ya yi muku albarka." Kashegari kuma na ɗaura zane na shiga madafa, na ce Yaya ta bar mini girki kwana biyu-biyu. Hayaƙin ɗanyen itace ya sa na yi hawaye har aka yi mini dariya, tuwon masarata na fari kuwa ya yi gudaji. Duk da haka tun daga ran nan gaisuwa ta koma yadda ta ke. Da na san haka, da tun ranar zuwa buhun ya riga ni shiga gidan.

Faɗan yara kuwa kullum ne. Ɗana ya kori kaza daga kan ƙwai, ya ce wa ɗan Yaya baƙauye, aka tara masa gajiya a bayan gari ya dawo da kumburarren leɓe. Zuciyar uwa ta ce in fita in yi magana. Na haɗiye, na ƙara masa da faɗa a gaban kowa. Kafin la'asar sun tafi yankan ciyawa tare. Da na tsoma baki, da su sun shirya mu manya muna nan muna gaba har Sallah.

Kada wannan ya sa ku zaci wahala ce zalla. Yaron da a birni bai san inda tuwo ke fitowa ba, kafin wata guda yana bambanta gero da dawa da masara tun daga ganye. Da damina ana ɗaure awaki a turke don kada su shiga gonaki, sai aka ba shi akuya guda ya riƙa yi mata ciyawa, ya kuwa ɗauki abin kamar an naɗa shi sarauta. Babbar ta koyi surfe da bakace da tankaɗe, ta iya tsinko tafasa da rama a yi kwaɗo. Ga ƙwan zabi, ga nonon da Fulani ke kawowa har ƙofar gida, ga ɗanyar masara a gasa a bakin murhu ana ruwa. Da dare kuwa, ba wuta ba talabijin, sai su kewaye Inna ta yi ta ba su labarin Gizo da Ƙoƙi har barci ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Ni kaina, da girmana, na kan matso da tabarmata.

Rana ɗaya baffansu ya ɗauke mu zuwa Tiga, a ƙasar Bebeji, mu ga madatsar ruwan da aka gina a kan Kogin Kano zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama a 1974. Ya nuna musu cewa ruwan nan ne ke bin hanyoyin da aka haƙa masa har gonakin Kadawa da Kura da suka gani a hanya, shi ya sa ake noma a can har da rani. Ɗana ya tsaya ya buɗe baki, ya ce, "Umma, wannan shi ne teku?" Hannunsa na riƙe gam har muka bar wurin.

Ruwa shi ne abin da ya fi hana ni barci. Da marka kowane kududdufi ya cika, yaran gari sun san inda ke da zurfi, naki bai sani ba. Ban da nutsewa kuma akwai tsargiya, wadda ake ɗauka wajen wanka a ruwan da ke kwance, inda ƙananan katantanwa ke zaune, ƙwayar cutar ta shiga ta fata, bayan 'yan makonni ko watanni ki ga jini a fitsarin yaro. Tana da magani a asibiti, kada a ce wai alamar girma ce. Ku 'yan makaranta, ku ne yayye, wannan aikinku ne: ido a kan ƙanne. In kuma kun je, ku bar yi wa 'yan'uwanku Turanci don burga, ku ɗauki tulu ku bi su rijiya.

Saura abin da na fi jin kunyar faɗa. Na tafi da gidan sauro guda 2, amma da na ga babu ƙusa a bangon ɗakin sai na ce gobe, gobe ta zama mako 3. Har wa yau akwai maganin rigakafin zazzaɓin damina da ma'aikatan lafiya ke bi gida gida suna ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sau ɗaya kowane wata, su ba da na ranar farko, uwa ta ba da na kwana 2 da ke biye. An ba nawa na Yuli a Kano. Na Agusta kuwa, ranar da masu rabo suka shigo gidan Inna muna wajen suna a wata unguwa, katin ma na baro shi a Kano, ban kuma bi sawu ba. Ki tafi da katinki, ki tambayi ranar rabo tun kina sauka.

Cikin mako na 5, tsakar dare, na taɓa Auta na ji jikinsa kamar garwashi, yana ta amai. Ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, maigida yana Kano, ni kuwa na rasa abin yi sai kuka. Yaya ce ta ji motsi ta fito. Ba ta tsaya tambaya ba, ta jiƙa tsumma ta shafe masa jiki, ta ce kada a rufe shi da bargo, ta tashi mijinta ya fito da babur. Ta karɓe yaron daga hannuna ta goya shi, don ta ga jikina yana rawa, ta rufa leda a kansa, ni na bi su a babur ɗin maƙwabci. A asibiti aka ɗibi jininsa aka gwada, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce kuma mun kyauta da ba mu jira gari ya waye ba. Kwana 2 muka yi a can, ita ke kawo mana kunu safe da yamma. Ranar da muka dawo gida na tarar ta sa an buga ƙusoshi 8 a bangon ɗakin, gidajen sauron suna rataye.

Da hutu ya ƙare maigida ya zo ɗaukarmu. Aka cika mota da sabuwar masara da kabewa da ƙwan zabi, Inna ta ba kowane jika kaza, ta ce wa maigidan nata in bai zo da kuɗin cefane baɗi ba ta sake shi. Ɗana ya rungume akuyarsa yana kuka sai da aka ɓamɓare shi. Yaya ta rako mu har bakin hanya da Auta a bayanta, ta kwance shi ta miƙo mini ta taga, ta ce, "Baɗi ki bar atamfar nan, ki zo mini da yarana kawai." Na ce, "To, Yaya, da buhu dai." Ta yi dariya ta kai mini duka a kafaɗa.

Mai tambaya a kan yaye, na ga takardarki, ki yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Wassalam.