Yaba Kyauta Tukuici: Ina Ladan Malamin Siyasa?

A wannan mako za mu duba wani bawan Allah da ba a cika tunawa da shi ba, watau malamin jami'a mai koyar da kimiyyar siyasa ga ɗaliban digiri na farko. Daga ajinsa ne ake samun akawun majalisa, da ma'aikacin zaɓe, da sakataren ƙaramar hukuma. In ya koyar da kyau ƙasa ta amfana, in kuwa ya yi sakaci kowa ya ɗanɗana kuɗarsa.

Abin takaici shi ne a jami'o'inmu ƙarin girma ya fi rataya a kan yawan maƙalun da malami ya buga. Wanda ya ɓata dare yana shirya darasi, ya duba takardun jarrabawa ɗaya bayan ɗaya, ya saurari ɗalibi a ofis, galibi ba ya samun kome sai "Allah ya saka". Lambar girma ta NNOM da aka kafa a 1979 ta masu zurfin bincike ce. A Amurka kuwa, ƙungiyar masana kimiyyar siyasa ta ware kyauta musamman domin gwanin koyarwa a matakin digiri na farko.

Ba mu rasa misalai a gida ba. Farfesa Ibrahim Gambari ya koyar da wannan fanni a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kafin ya zama Ministan Harkokin Waje a 1984. Farfesa Attahiru Jega ya koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano kafin ya shugabanci hukumar zaɓe daga 2010 zuwa 2015. Amma fa muƙami ne ya sa duniya ta san su, ba alli da allo ba.

To, wa zai fara gyara? A ganinmu Suleja ta cancanta. Sarkinta Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, Kwalejin Katsina ya yi, kuma malamin makaranta ne kafin ya hau gado. Garin da ya sadaukar da sunansa na Abuja da ƙasarsa domin sabon babban birni bayan dokar 1976 ya san darajar aikin da wani ke cin moriyarsa. Ga Jami'ar Abuja a Gwagwalada, ga ta Ibrahim Badamasi Babangida a Lapai, duk 'ya'yan Suleja suna karatu a cikinsu.

Shawararmu ita ce masarauta da attajiran gari su kafa kyauta ta shekara-shekara da sunan marigayin. Ɗalibai su ba da sunaye a asirce, malamai 'yan'uwansa su shiga aji su ga yadda yake koyarwa, kuma a hana ta ga duk mai tilasta wa yara sayen takardunsa. Hukumomin jami'a kuma su sa ta cikin ma'aunin ƙarin girma, don kada ta tsaya ga tafi kawai.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Lalle mai tanƙwarawar ya cancanci tukuici. Allah ya sa masu iko su ji, amin.