Alƙaluman Babban Banki Sun Zo Hannu, Amma Mudun Awo Ya Sha Canzawa

A da, ɗan kasuwar hatsi daga gundumar Zungur da ke son sanin yadda darajar Naira ta kaya cikin shekaru goma, sai ya nemi kundin ƙididdiga na Babban Bankin Nijeriya, ya kwafi alƙaluma da biro. A yau, ɗalibi mai na'ura mai ƙwaƙwalwa yana iya rubuta 'yan layuka cikin harshen R ko Python, waɗanda duka kyauta ne, ya sauko da jerin kuɗin ruwa da canjin kuɗi da hauhawar farashi na shekaru masu yawa kafin shayi ya huce. Jadawalin Babban Banki yana zuwa cikin Excel, na Bankin Duniya kuma ana jawo shi ta manhajar WDI.

Wannan ci gaba ne da ya kamata 'yan kasuwar Muda Lawal da Wunti su yi maraba da shi, musamman masu karɓar rance su sayi masara da kaka su ajiye. To amma akwai hatsarin da masu tallan na'ura ba su cika faɗa ba. Na'ura tana jera alƙaluma ɗaya bayan ɗaya, ta zana layi mai kyawun gani, ba tare da ta nuna inda aka canza mudun awo ba.

Alal misali, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wadda Babban Banki ke dogara da alƙalumanta na farashi, ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a Disamba 2024. A Janairu 2025 sai ga kashi 24.48. Wanda ya kalli zane kawai zai ɗauka cewa tsada ta karye cikin wata guda. Abin da ya faru shi ne hukumar ta sauya shekarar da take auna farashi da ita daga 2009 zuwa 2024, ta kuma sake nauyin da take bai wa kayayyaki, har kason abinci ya ragu. Mudun shinkafa a Bauchi bai san da wannan labari ba. Ɗan kasuwar da ya gina shawarar sayarwa ko ajiyewa a kan wannan faɗuwa, ya gina ta ne a kan sauyin lissafi.

Canjin kuɗi ma haka yake, ko ma fiye. Idan ba a manta ba, daga 1995 zuwa 1998 farashin gwamnati yana wajen Naira 22 kan Dala guda, alhali a kasuwar canji mai zaman kanta ana sayen ta sama da Naira 80. Duk jerin da ya ɗauki farashin gwamnati kaɗai zai nuna Naira ta tsaya cik a shekarun nan, sa'an nan ta ruguje dare ɗaya a 1999. Haka kuma a Yuni 2023, da aka haɗe kafofin canji wuri guda, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 zuwa sama da 700 a hukumance, bayan kuwa mai shigo da kaya ya daɗe yana biyan kusan haka wajen 'yan canji.

Ko kuɗin ruwa bai tsira ba, domin a Disamba 2006 bankin ya maye tsohon ma'auninsa da sabo. Kuma kashi 27.5 da aka tsayar a Nuwamba 2024 ma'aunin Babban Banki ne, bankunan kasuwanci kuwa sukan ɗora nasu a kai kafin rance ya kai hannun ɗan kasuwa.

Saboda haka ya dace ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Bauchi su nemi matasan da suka karanta ƙididdiga, irin waɗanda Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ke yayewa, su riƙa sauko musu da alƙaluman kowane wata. Sharaɗin kawai shi ne kada a karɓi wani zane sai an rubuta a gefensa ranar da aka sauko da shi, da wane farashi aka ɗauka, da kuma shekarun da aka canza awo. Sa'an nan a ajiye shi kusa da littafin da ɗan kasuwa ke rubuta farashin buhu a kowace ranar kasuwa, a gwada biyun.